Yadda Masar Ta Yi wa 'Yan Bindiga Dariya

A shekarun 1970, lokacin da Anwar Sadat yake neman karya lagon 'yan gurguzu da magoya bayan marigayi Jamal Abdul Nasir a jami'o'in Masar, sai ya sakar wa ƙungiyoyin ɗalibai masu da'awar addini mara. Babu inda wannan siyasa ta yi jijiya kamar Asyut, babban gari a kudancin ƙasar a bakin Kogin Nilu, inda gwamna Muhammad Usman Isma'il ya riƙa ɗaure musu gindi a fili. Da farko aikinsu bai wuce buga takardun karatu da araha, da samar wa ɗalibai mata motocin zuwa makaranta, da shirya sallar idi a filin Allah ba, jama'a kuma sun yaba. Da suka ji ƙarfi sai suka koma hana abin da ba su so da hannu. Suka riƙa tarwatsa taron kiɗa, suka hana nuna fim da wasan kwaikwayo a harabar jami'a, wanda ya yi gardama ya sha sanda da sarƙa. Daga cikinsu Jama'atul Islamiyya ta fito riƙe da makami. Ranar 6 ga Oktoba 1981 aka harbe Sadat yana kallon faretin soja a Alƙahira. Bayan kwana biyu, da safiyar Babbar Sallah, mayaƙan ƙungiyar suka afka wa hedikwatar 'yan sandan Asyut suka kashe jami'ai da dama, sai da aka turo sojoji daga Alƙahira kafin a ƙwato garin.

Wannan gari ne Adil Imam ya ce zai je da ƙafarsa a 1988. A lokacin babu ɗan wasan barkwanci da ya kai shi suna a duk ƙasashen Larabawa. An haife shi a 1940, ya karanta aikin gona a Jami'ar Alƙahira, amma dandamali ya janye shi tun yana ɗalibi. Wasan Madrasatul Mushagibin na 1973 da Shahid Ma Shafsh Haga na 1976 sun shigar da fuskarsa kowane gida mai talabijin, daga Maroko har Iraƙi. Abin da ya tunzura shi kuwa labari ne daga wani ƙauye mai suna Kudyatul Islam a yankin Dairut, inda masu tsattsauran ra'ayi suka far wa wasu samari da suka haɗa 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Imam ya kwashi dukkan 'yan wasansa suka hau jirgin ƙasa zuwa Asyut, cikin tsaro mai tsanani, suka yi wasan Al-Wad Sayyid al-Shaggal a gaban jama'ar da suka yi cincirindo, kuɗin da aka tara kuma ya bar su don tallafa wa 'yan wasan ƙauyen.

Wasan nan labarin wani matashin talaka ne da ya kama aikin boyi a gidan attajirai. Babu ɗan ta'adda ko ɗaya a cikinsa, kuma ba a buƙace shi ba. A garin da aka haramta wa mutane taruwa su yi nishaɗi, cikar ɗaki da jama'a suna ƙyaƙyata dariya ya isa amsa. Mai riƙe da sarƙa yana ci ne da kwarjini, da tunanin da ya dasa a zukata cewa kowa yana tsoronsa kuma kowa shi kaɗai ne a tsoronsa. A daren nan mutumin Asyut ya waiga ya ga maƙwabcinsa a kujerar kusa, ya gane ba shi kaɗai ba ne ya gaji.

Mutanen Masar dama can gwanayen ba'a ne, kuma masu mulkinsu sun san zafinta. Bayan kayen da Isra'ila ta yi musu a yaƙin 1967, barkwancin da ake yi wa sojoji a shagunan shayi ya yi yawa har sai da Abdul Nasir da kansa ya roƙi jama'a a cikin jawabi su sassauta. Al'ummar da ta saba yi wa shugaba da janar dariya ba za ta daɗe tana ƙyale matashi mai bindiga ba don kawai ya ce da sunan Allah ya ɗauke ta.

Daga 1990 abin ya tashi daga sanda ya koma harsashi. A watan Oktoba na shekarar aka kashe kakakin majalisar dokoki, Rif'at al-Mahjub, a tsakiyar Alƙahira. A watan Mayun 1992 aka kashe sama da mutum goma a yankin Dairut, akasarinsu Kiristoci Kibɗawa. Aka shiga harbin 'yan sanda, da fasa shagunan zinariya na Kiristoci don tara kuɗin makamai, da kai wa motocin 'yan yawon buɗe ido hari don a toshe wa gwamnati hanyar samun kuɗin waje. A unguwar Imbaba, cikin Alƙahira kanta, 'yan ƙungiyar suka kafa ikonsu ƙarƙashin wani da ake kira Shaikh Jabir, wanda a da makaɗin ganga ne a gidajen biki, har 'yan jaridar waje suka riƙa kiran unguwar jamhuriya mai zaman kanta. Sai a watan Disamba 1992 gwamnati ta tura jami'an tsaro sama da dubu goma suka mamaye ta.

A tsakiyar wannan shekara ta 1992 aka kashe Faraj Foda. Masanin tattalin arzikin noma ne da ya koma rubutu, kuma alƙalaminsa yana da kaifi. Ya riƙa ɗauko fatawoyi da jawaban shugabannin ƙungiyoyin nan yana baje su a jarida yana yi musu shaguɓe, yana tambayar yadda mutanen da ƙasarsu ke fama da bashi da rashin gidaje da rashin aiki suka mayar da hankalinsu kacokan kan tufafin mata da kayan kiɗa. A watan Janairu ya yi muƙabala a bainar jama'a, a bikin baje kolin littattafai na Alƙahira, da manyan malamai irin su Shaikh Muhammad al-Gazali. Ranar 8 ga Yuni wasu matasa biyu a kan babur suka buɗe masa wuta yana fitowa daga ofishinsa, ɗansa ma ya ji rauni. Musulmi da yawa ba su yarda da ra'ayin Foda na raba addini da mulki ba, kuma suna da 'yancin ƙin yarda. Amma mutumin da ya zo zauren muƙabala da takarda, aka bi shi da bindiga, an zalunce shi, kuma duk wanda ya nemo wa makasansa uzuri ya buɗe ƙofar da shi ma ba zai iya rufewa ba. Kisan ya nuna wa kowane marubuci a Masar farashin ba'a.

Duk da haka, a shekarar ce aka fitar da fim ɗin da nake ganin ya fi kowanne daraja a wannan tarihi, Al-Irhab wal Kabab, wato Ta'addanci da Kabab. Wahid Hamid ya rubuta, Sharif Arafa ya ba da umarni. An gina labarin a cikin Mugamma, katafaren ginin da ke Dandalin Tahrir, wanda a lokacin yake cike da ofisoshin gwamnati. Ɗaliban ƙasar Hausa da suka yi karatu a Azhar a wancan zamani sun san shi sarai, domin can ake zuwa sabunta takardar zama, a wuni a layi a dawo gobe. Adil Imam ya fito a matsayin Ahmad, ƙaramin ma'aikaci da ke son a mayar da 'ya'yansa makarantar da ta fi kusa da gida. Kullum ya zo, jami'in da zai sa hannu ba ya kan kujera. Wata ma'aikaciya tana kan waya tana hirar gida. Wani mai gemu kuma, Rashad, duk sa'ar da aka zo yana kan dadduma yana nafila, jama'a na tsaye da takardu a hannu. Ahmad ya ƙule, rigima ta kaure, masu gadi suka zo, cikin kokawa bindigar wani soja ta faɗo hannunsa ta tashi. Nan take aka shelanta cewa 'yan ta'adda sun kama Mugamma.

Waɗanda suka bi bayansa su ne wani mai goge takalma da ya gudo daga kudu saboda gabar jini, da wani kurtun soja da maigidansa ya mayar bawa, da wani magidanci da ya hau saman ginin zai faɗo saboda baƙin cikin gida, da wata mace da aka kawo bincike kan zargin karuwanci, wadda Yusra ta fito a matsayinta. Ministan cikin gida, wanda Kamal al-Shinnawi ya taka, ya zo da rundunarsa ya tambayi buƙatunsu. Suka dubi juna, suka rasa abin faɗi, domin ba a taɓa tambayarsu abin da suke so ba. Daga ƙarshe suka ce a kawo kabab, gasasshen naman da talakan Masar yake jin ƙamshinsa a titi ya wuce. Aka kawo, masu garkuwa da waɗanda aka yi garkuwa da su suka zauna suka ci tare. Sai da ciki ya ɗauka baki ya buɗe, aka shiga maganar magani da makaranta da tsadar rayuwa, har aka kai ga neman gwamnati ta yi murabus. Da gari ya waye kowa ya fito, Ahmad a tsakiyarsu, babu wanda ya nuna shi.

Dubi inda bulalar ta sauka. Ta sauka a kan mai fakewa da ibada yana tauye haƙƙin bayin Allah, kuma babu mai sallah na gaskiya da zai ji an taɓa shi, domin kowa ya san nafila ba ta halatta cin albashin banza. Ta sauka a kan gwamnatin da ba ta jin kukan talaka sai ya riƙe bindiga. Ta kuma sauka a kan sunan ta'addanci kansa, wanda ya zama rigar da ake jefa wa kowa. Jama'a sun yi tururuwa zuwa kallonsa, ya zama cikin finafinan da suka fi kawo kuɗi a zamaninsa.

Shekarar 1993 ta fi muni. Aka kai wa ministan yaɗa labarai Safwat al-Sharif hari, aka kai wa ministan cikin gida Hasan al-Alfi, sannan a watan Nuwamba aka dasa wa firaminista Atif Sidƙi bam a wata mota a kan hanyarsa. Shi ya tsira, amma wata 'yar makaranta mai suna Shaima ta mutu, kuma jana'izarta ta juya zukatan mutane da yawa. Cikin wannan yanayi aka yi fim ɗin Al-Irhabi, wato Ɗan Ta'adda, wanda Lenin al-Ramli ya rubuta, Nadir Jalal ya ba da umarni, aka fitar da shi a Ƙaramar Sallar 1994. Sai an caje mutum kafin ya shiga silima, 'yan sanda na tsaye a ƙofa. Shi kansa Imam tun daga lokacin ya koma yawo da masu tsaron lafiya.

A nan ya fito a matsayin Ali, matashin da ke ƙona shagon bidiyo, ya fasa shagon zinariya, ya harbi motar baƙi, duk bisa umarnin shugabansa, Ɗan'uwa Saif, wanda ba a yi wa tambaya. Aka sa shi ya aske gemu ya sa kwat don ya kashe wani marubuci, wanda duk mai kallo ya gane Foda ake nufi. Aikin ya ɓaci, yana gudu wata budurwa ta buge shi da mota, iyayenta suka ɗauke shi jinya a gidansu suna zaton malamin jami'a ne. Barkwancin fim ɗin yana cikin zaman nan: mutumin da aka koya wa cewa kowa kafiri ne ya tsinci kansa a hannun masu ba shi magani da abinci, yana satar kallon abin da yake tsinewa a fili, yana ƙyamar maƙwabcinsu Kirista har ranar da ƙungiyar ƙwallon Masar ta ci wasa ya ga kansa rungume da shi. Da zuciyarsa ta sauya, 'yan ƙungiyarsa suka harbe shi.

An yaba wa fim ɗin saboda ƙarfin hali, kuma ya cancanta. Ya tuɓe wa ɗan bindiga rigar jarumtar da yake taƙama da ita, ya nuna shi a matsayin yaro mai ƙarancin karatu, mai yunwar abin duniya, wanda wani ke juyawa. Matashin da ke sha'awar shiga irin wannan ƙungiya yana iya jure a kira shi mugu, har ma ya ji daɗi, amma ba ya jure a mayar da shi abin dariya a gaban 'yan matan unguwarsu. Sai dai fim ɗin yana da aibi babba. Gidan da aka ba Ali a matsayin mafita gidan masu hali ne, masu rayuwa irin ta Turawa, kamar dai zaɓi biyu ne kawai a duniya, ko ka zama mai kisa ko ka zama su. Ina miliyoyin talakawan Masar masu sallah da azumi, masu gemu da masu lulluɓi, waɗanda su ne 'yan bindigar suka fi kashewa kuma su ne suka fi tsanarsu? Ba a ba su wuri ba. Ba a kuma ce uffan ba game da azabtarwa a ofisoshin tsaro, da tsare dubban samari ba shari'a, da kotunan soja, da sare gonakin rake na manoma a kudu don kada mayaƙa su ɓuya, alhali waɗannan suna cikin abin da ke tura yara hannun Ɗan'uwa Saif. Masu suka sun ce fim ɗin ya yi kama da saƙon gwamnati, kuma ban ga laifinsu ba. Ba'ar da ta kasa bambance mai ibada da mai kisa tana yi wa mai kisa aiki, domin abin da yake faɗa wa mabiyansa kullum shi ne addininku ake yi wa dariya.

A watan Oktoba na 1994 wani matashi ya daɓa wa Najib Mahfuz wuƙa a wuya a ƙofar gidansa. Tsoho ne mai shekara 82, Balaraben farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1988, kuma laifinsa a wurinsu wani littafi ne da aka buga a jaridar Al-Ahram tun 1959. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai sake komawa daidai ba.

Wahid Hamid da Sharif Arafa suka dawo a 1995 da Tuyur al-Zalam, wato Tsuntsayen Duhu, suka gyara abin da Al-Irhabi ya ɓata. Labarin abokai uku ne da suka karanta shari'a tare. Fathi Nofal, wanda Imam ya taka, ya sayar da aƙidarsa ya zama na hannun daman minista, yana shirya maguɗin zaɓe yana tara dukiya. Ali al-Zanati ya zama lauyan ƙungiyoyin masu tsattsauran ra'ayi, shi ma yana tara tasa ta wata ƙofar. Na ukun, mai gaskiyar cikinsu, yana nan da ƙaramin albashi. Fathi da Ali suna zagin juna a fili, suna ciniki a ɓoye, wannan ya saki fursunonin wancan, wancan ya ba wannan ƙuri'u. A ƙarshe dukansu biyu suka haɗu a gidan yari, suka tasa ƙwallo ɗaya a gaba suka buga ta tare, ta nufo fuskar mai kallo. Ban san wani bayani na siyasar Masar ta zamanin Husni Mubarak da ya fi wannan fito da gaskiya ba.

Kada a ɗauka dariya ce ta kawo ƙarshen yaƙin. Tsakanin 1992 da 1997 an kashe sama da mutum dubu. A watan Yulin 1997 shugabannin Jama'atul Islamiyya da ke kurkuku suka yi kiran a ajiye makami. Waɗanda ba su yarda ba suka amsa da kisan Luksor ranar 17 ga Nuwamba, inda aka hallaka mutum 62 a wurin tarihi na Dairul Bahri, 58 daga cikinsu baƙi 'yan yawon buɗe ido. Mutanen yankin, waɗanda abincinsu ya dogara da baƙin, su da kansu suka bi sawun maharan. Ƙungiyar ta rasa sauran mutuncin da take da shi, ƙarfin gwamnati ya yi mata illa, kuma a 2002 shugabanninta suka fitar da littattafai huɗu suna warware hujjojinsu na da da ayoyi da hadisai. Aikin malamai ne da na jami'an tsaro da na jama'ar da suka gaji. Rabon 'yan wasa a ciki shi ne sun hana tsoro ya zama ɗabi'a a shekarun da kowa ke sassauta murya, sun ba talaka bakin da zai yi maganar abin a teburin shayi.

Shi ma Adil Imam tarihi bai bar shi ba tabo ba. Kusancinsa da gwamnati ya yi yawa, kuma da juyin juya halin 2011 ya zo, Imam ya kare Mubarak, matasan Tahrir suka sa sunansa cikin jerin waɗanda suka juya wa jama'a baya. A watan Fabrairun 2012 wata kotu a Alƙahira ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar fam 1,000 na Masar bisa ƙarar wani lauya da ya ce finafinansa, har da Al-Irhabi, sun ci mutuncin Musulunci ta hanyar yi wa gemu da jallabiya ba'a. Shekara goma sha takwas bayan fitar fim ɗin, aibin nan nasa ne aka kama aka kai shi kotu da shi. A watan Satumba, lokacin Muhammad Mursi yana kan mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi.

Hanyar da suka share ba ta tsaya a Masar ba. A watan azumin 2015 ɗan wasan Saudiyya Nasir al-Ƙasabi ya yi shirin Selfie a tashar MBC, inda ya fito a matsayin uban da ya bi ɗansa har cikin sansanin Da'ish don ya dawo da shi, yana ta kwaɓa a tsakanin mayaƙa, har labarin ya kai inda ɗan ya nemi a ba shi wuƙar yanka mahaifinsa. Magoya bayan ƙungiyar suka cika Twitter da alkawarin sare masa kai. A Somaliya kuwa alkawarin bai tsaya a baki ba. Abdi Jailani Malaƙ, wanda aka fi sani da Marshale, ya yi suna wajen kwaikwayon mayaƙan Al-Shabab a rediyo da talabijin, an yi masa barazana, kuma ranar 31 ga Yulin 2012 wasu 'yan bindiga suka harbe shi a Mogadishu bayan ya taso daga gidan rediyon Kulmiye.

Mu da muka ga shekarun da mutum a Maiduguri ko Damaturu ko Kano ba ya iya ambaton sunan Boko Haram sai ya waiga, ba baƙin wannan labari ba ne. Muna da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa da gwaninta, har yaro a ƙauye ya haddace su. Ina roƙonsu su nemi izinin masu haƙƙi su fassara mana Ta'addanci da Kabab da Tsuntsayen Duhu, marubutan finafinanmu kuma su zauna su kalle su da takarda da alƙalami a hannu.